Zazzaɓin Oroya: Cutar da Aka Laƙaba wa Garin da Ba Nata Ba

A shekarar 1870 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Lima, babban birnin Peru, zuwa La Oroya da ke can saman tsaunukan Andis, a hannun wani ɗan kwangila Ba'amurke mai suna Henry Meiggs. Aiki na kutsawa cikin kwarin kogin Rimak sai leburori suka fara zubewa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, jini ya ƙare cikin 'yan kwanaki har jiki ya ɗashe. Dubbai suka mutu, da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani. Wanda ya sha da ƙyar, bayan makonni sai wasu ƙuraje jajaye su feso masa, ana taɓa su sai jini. Aka raɗa wa cutar suna zazzaɓin Oroya, alhali garin yana bisa tudun da ya kai mita 3,700, inda sanyi ya fi ƙarfin ƙwaron da ke yaɗa ta. Mutuwar a tsakiyar hanya aka yi ta, wajejen gadar Verrugas. Wannan kuskuren suna shi ne jigon labarin a ganina: an fi shekara arba'in ana tambayar mece ce cutar, ba a tsaya an tambayi a ina take kama mutum ba, kuma da wane lokaci.

Mazauna kwarin kuwa sun daɗe da amsar. Tun 1764 wani likita a Lima, Cosme Bueno, ya rubuta cewa mutanen tsauni suna ɗora alhakin waɗannan ƙuraje, da wani gyambon fata da suke kira uta, a kan cizon wani ɗan mitsitsin ƙwaro. Sun kuma san cewa matafiyi zai iya ratsa kwarin da rana ya fita lafiya, amma in ya kwana ya ɗebo ruwan dafa kansa. Masu boko suka yi kunnen uwar shegu da wannan, wasu suka zargi ruwan rafin, wasu tururin ƙasar da ake tonawa. Sai a 1913 masanin ƙwari Charles Townsend ya bi sawun maganar mutanen gari. Ya ce duk abin da ke yaɗa cutar nan dole ya zama mai fita da dare, wanda ba ya sauka gaɓar teku kuma ba ya hawa ƙoli. Da ya tankaɗe ƙwarin yankin da wannan rariya, abin da ya rage shi ne ƙudan rairayi, wanda 'yan ƙasar ke kira titira, masana kuma a yau suke ce masa Lutzomyia verrucarum.

In ka gan shi ba za ka ba shi ko sisi ba. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, jikinsa duk gashi, in ya sauka sai ya ɗaga fikafikai sama kamar bakin almakashi. Ba ya kuka irin na sauro, tashinsa tsalle-tsalle ne, kuma yana iya ratsa idon gidan sauron da ba a saƙa shi da kyau ba. Macen ce ke shan jini. Ba a ruwa yake hayayyafa ba, a ƙasa mai laima yake yi, da rana kuma ya laɓe a tsagar katangar dutse, ko kogo, ko ramin ɓera, ko lungun ɗaki. Rauninsa ne ya shata wa cutar iyaka. Da yake ba ya nisa, kuma ba ya jure zafin sahara ko sanyin ƙoli, an fi samunsa a kwaruruwan da ke tsakanin mita 500 da 3,200. Tsauni guda yakan tara yanayi iri-iri a jere, kowane mataki da nau'in ƙwaron da ya saba da shi, shi ya sa ƙauyuka biyu da ke hango juna za su iya bambanta ƙwarai wajen cuta.

Wani zai ce ai a asibiti aka warware matsalar, ba a bakin kogo ba. Yana da hujja. Ranar 27 ga Agusta 1885 wani ɗalibin likitanci, Daniel Alcides Carrión, ya sa aka cusa masa jinin ƙurjin wani majinyaci a asibitin Dos de Mayo. Zazzaɓin ya kama shi, ya rasu ranar 5 ga Oktoba, wanda ya nuna cewa ƙurajen da zazzaɓin abu ɗaya ne, har yau kuma ranar rasuwarsa ita ce ranar likitoci a Peru. A 1905 Alberto Barton ya hango ƙwayar cutar cikin jini, a 1926 Hideyo Noguchi ya raine ta a ɗakin gwaji ya kashe sauran gardama. Babu mai raina wannan sadaukarwa. Amma sanin sunan ƙwayar bai hana lebura ko ɗaya kamuwa ba a zamanin da babu maganinta. Abin da ya kare rayuka shi ne kwashe ma'aikata daga kwarin kafin magariba, sai kuma feshin DDT a bangon ɗakuna a shekarun 1940, bayan Marshall Hertig ya gano wuraren da ƙudan ke wuni.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: in iyakar cutar sananniya ce, me ya rage a ƙirga? An bayyana nau'in ƙudan rairayi kusan 1,000 a duniya, waɗanda ke ɗauko wa mutum cuta 'yan kaɗan ne, sai a ga kamar tantance sauran ɓata kuɗi ne. Sai dai taswirar ba a zaune take ba. A 1998 cutar ta ɓarke a kwarin Urubamba na yankin Kusko, wurin da ba a saba ganinta ba, likitoci da yawa ba su ma gane ta da wuri ba. Ƙwaron da aka zarga a can ba wanda Townsend ya kama ba ne, wani ɗan'uwansa ne, Lutzomyia peruensis, wanda aka fi sani da yaɗa gyambon uta.