Daga rufin ɗaki zuwa wuyan hannu: tarihin awon ranar da ke taɓa fatar mutum

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana damun masu binciken kansar fata: yaya za a auna ranar da ta taɓa jikin mutum guda?

Da farko sana'a ce ma'auni. A 1894 Paul Unna, likitan fata a Hamburg, ya bayyana lalacewar fatar ma'aikatan jiragen ruwa. A 1907 William Dubreuilh na Bordo ya lura cutar ta fi kama manoman inabi, kuma a fuska da bayan hannu, inda tufa ba ta rufewa. Daga baya aka koma tambayar majiyyata, sai dai wanda cuta ta kama ya fi mai lafiya tuna ƙunar ranar da ya sha yana yaro, wannan kuwa yana karkatar da lissafi. A 1974 Amurka ta fara girka na'urorin Robertson-Berger bisa rufin gine-gine don awon hasken ultrabiyole. Amma rufi ba ya sa malafa, ba ya shiga inuwa.

A ganinmu, 1976 ce shekarar da al'amarin ya sauya. A Ingila, Davis da Deane da Diffey suka nuna cewa wata siririyar leda mai suna polisulfon tana sauyawa da irin hasken da ke ƙona fata. Sai a maƙala ta a riga, daga baya a auna yadda take shanye haske a nanomita 330. Da ita aka gane cewa ma'aikacin ofis ɗan ƙaramin kaso yake samu na ranar da rufi ke sha, galibinsa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Wannan ya dace da abin da aka lura game da melanoma, wadda ta fi alaƙa da ƙunar lokaci-lokaci. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Kopenhag suka sa ma'aunin lantarki cikin agogon hannu, mai rubuta har sa'ar da hasken ya sauka.

Duk da haka, agogo watanni yake aunawa, alhali kansa sai bayan shekaru gommai take bayyana. Kuma galibin wannan awo a jikin Turawa aka yi shi, ba a jikin zabiya na Sahel ba, waɗanda kansar fata ke kamawa tun suna matasa.