Gaiwa a Cikin Laka, Kwaɗo a Cikin Ƙanƙara: Nazari a Kan Doguwar Kwanciyar Dabbobin Dawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda wasu dabbobin dawa ke shafe watanni kwance ba ci ba sha, tun daga gaiwar fadamun Afirka ta Yamma har zuwa kwaɗon dajin Alaska. Hujjar da aka kafa ita ce rashin ruwa da abinci ne tushen wannan kwanciya, sanyi kuwa hanya ɗaya ce kawai daga hanyoyin da rashin ke zuwa, kuma jikin dabbar yana kan aiki a daidai lokacin da ido ke ganin kamar rai ya fita.

Gabatarwa

Idan ruwa ya fara janyewa daga fadama bayan damina, sauran kifaye bin sa suke yi, wanda ya makara ya zama rabon shamuwa da balbela. Gaiwa kuwa sai ta nutsa kai cikin taɓo, ta haƙa rami, ta lanƙwashe har wutsiya ta rufe mata kai, bakinta na kallon sama. Fatarta ta yi ta fitar da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama kwanso siriri ruwan ƙasa, ya naɗe ta gaba ɗaya in ban da wata 'yar kafa a daidai baki. Ta wannan kafa take jan iska, domin gaiwa kifi ce mai huhu. Haka za ta zauna cikin ƙasar da ta tsattsage, rana na dukanta, har ruwan sama ya sake jiƙa wurin. Masunta sun san wannan tun kaka da kakanni, amma sai a 1839 Richard Owen ya bayyana ta a rubuce daga samfurin da aka kai masa daga Gambiya; a yau masana na kiran wannan kifi Protopterus annectens. Duk da haka, ilimin kwanciyar dabbobi a Turai da Amurka ta Arewa ya girma, inda bushiya da jemage da kurege ke ɓuya a lokacin ƙanƙara. Mai nazari a can yana ganin abu biyu suna zuwa tare kowace shekara, sanyi da kwanciya, sai ya ɗauka na farko ne ya haifi na biyu, har kalmar da ake kiran abin da ita a harsunansu ta samo asali daga sunan hunturu a Latin.

Da a ce sanyi ne dalili, da abu biyu sun tabbata: ba za a sami doguwar kwanciya a ƙasa mai zafi ba, kuma raguwar aikin jiki za ta tafi kafaɗa da kafaɗa da raguwar ɗuminsa. Duka biyun sun rushe. A 2004 Kathrin Dausmann da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a dajin Kirindy na yammacin Madagaska a kan wani ɗan ƙaramin dangin biri, lemur mai kitsen wutsiya, Cheirogaleus medius. Wannan dabba takan tara kitse a wutsiyarta lokacin 'ya'yan itatuwa, sannan ta shige kogon bishiya ta kwanta har wata 7 na rani, alhali zafin rana a waje yakan haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ya ƙare a dajin a wannan lokaci shi ne ruwa da 'ya'yan itace. Daga ɗaya ɓangaren kuma, binciken Øivind Tøien da abokansa na 2011 a kan baƙar beyar ta Alaska ya nuna cewa dabbar kan rage ƙona abinci a jikinta zuwa kashi 25 cikin 100 na abin da ta saba, bugun zuciyarta ya sauko daga kusan 55 a minti zuwa 9 a wasu lokuta, amma ɗumin jikinta ya tsaya tsakanin digiri 30 da 36. Wannan 'yar raguwar ɗumi ba ta isa ta bayyana wancan babban ragi ba. Wato jikin ne da kansa ya rage wutar, kamar yadda uwargida kan zare itace daga murhu idan ta ga girkin zai daɗe kuma itacen ba shi da yawa.

Wani na iya cewa to ai tsayawa ce kawai, jiki ya gaji ya daina aiki har yanayi ya gyaru. Gaiwa ta isa amsa. Kifi a cikin ruwa yana zubar da dattin jikinsa a matsayin amoniya, ruwa ya tafi da ita. A cikin kwanso babu ruwan da zai wanke, amoniya kuwa guba ce. Don haka hantar gaiwa takan juya amoniyar zuwa yuriya, wannan dai sinadarin da manomi ya sani a buhun taki, wadda jiki ke iya tarawa da yawa ba tare da ta kashe shi ba. Homer Smith ya auna wannan tun 1930, ya kuma nuna cewa da zarar an mai da kifin cikin ruwa yakan zubar da yuriyar da ya tara. Kwanson ma da aka daɗe ana ɗauka busasshen yauƙi ne kurum, binciken da aka buga a 2021 daga ɗakin gwajin Irene Salinas a Jami'ar New Mexico ya gano nama ne mai rai, cike da fararen ƙwayoyin jini da suka yi ƙaura zuwa fata suka shimfiɗa tarkon kama ƙwayoyin cuta. Da masu binciken suka lalata wannan tarko, sai cuta ta shiga jinin kifin. Kwaɗon daji na Amurka ta Arewa, Rana sylvatica, ya fi ban mamaki a ido, amma hanyar ɗaya ce. Kenneth da Janet Storey na Jami'ar Carleton a Kanada sun nuna cewa cikin 'yan mintuna da fara daskarewar fatarsa, hantarsa kan soma tura sukari cikin jini ninkin-ba-ninki. Sukarin nan ke hana ƙwayoyin jiki bushewa da fashewa yayin da kusan kashi 65 cikin 100 na ruwan jikinsa ya zama ƙanƙara, zuciya ta tsaya, numfashi ya ɗauke. Wani bincike na 2014 a Alaska ya bi irin waɗannan kwaɗi a daji, ya tarar sun shafe kimanin kwana 193 a daskare, sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, kuma duk sun farfaɗo.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa haɗa kifi da kwaɗo da biri a ƙwarya ɗaya rashin adalci ne ga ilimi, tunda kowanne da tarihinsa da sinadarinsa. Akwai gaskiya a nan. Gaiwa ba ta daskarewa, beyar ba ta yin kwanso, kuma babu hujjar cewa daga kaka ɗaya suka gaji wannan ɗabi'a. Sai dai bambancin asali ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi, domin idan halittun da suka rabu tun miliyoyin shekaru suka sauka a kan mafita iri ɗaya, alama ce matsalar da ke gabansu iri ɗaya ce. Har a kayan aiki ana samun dacewa. Jon Costanzo da Richard Lee sun nuna a 2005 cewa kwaɗon nan ma yana tara yuriya kafin hunturu, kuma tana taimaka masa jure daskarewa. Ƙanƙara, ga ƙwayar jiki, fari ce, tunda ruwan da ya daskare ruwa ne da ba za a iya amfani da shi ba. Kwaɗon Alaska da gaiwar Hadejiya ƙishirwa ɗaya suke fama da ita, kowa da irin tasa.

Wannan ba ya nufin sanyi ba shi da tasiri. Shi ke yanke farashin. Brian Barnes ya auna ɗumin cikin kuregen Alaska a 1989 ya same shi a digiri 2.9 ƙasa da sifili ba tare da jininsa ya daskare ba. Amma duk bayan mako biyu ko uku kuregen sai ya yi ta karkarwa ya ɗumama kansa zuwa zafin da ya saba, ya daɗe haka na sa'o'i, sannan ya koma, kuma a waɗannan farkawa kitse mai yawa daga wanda ya tara ke ƙonewa. Lemur na Kirindy ya haska dalilin: waɗanda ke cikin kogo mai siririn bango, inda rana ke ɗumama su sama da digiri 30, ba sa yin irin wannan farkawa, waɗanda kuma ke cikin kogo mai kauri da sanyi suna yi. Da alama akwai gyaran da jikin mai shayarwa ba ya iya yi sai da ɗumi, wanda ke ƙasar zafi yana samunsa kyauta, na ƙasar ƙanƙara kuma yana biya daga kitsensa.

Wannan batu na farashi ne ke bayyana dalilin da ya sa ba kowace dabba ke bin wannan hanya ba, wasu suka zaɓi ƙaura kamar shamuwa. Gaiwa naman jikinta take ci a tsawon rani, ta fito a rame, kuma duk tsawon lokacin ba ta iya gudu ko kare kanta. Kafar nan da take shaƙar iska ta cikinta dole ta kasance a buɗe har saman ƙasa, kuma ita ce masunci ke dubawa a busasshiyar fadama kafin ya sa fartanya.