Yadda Zancen Neman Mata Ya Zama Sana'a a Amurka

A 1970 wani matashi mai aikin rubuta tallace-tallace a New York, Eric Weber, ya fitar da ɗan littafi mai suna How to Pick Up Girls. Dabararsa ba ta da wahala: ya bi 'yan mata yana tambayarsu yadda suke so a tare su da magana, ya tattara amsoshinsu, ya riƙa sayarwa ta gidan waya. Littafin ya yi kasuwa, domin samari masu nauyin baki suna da yawa, kuma a manyan biranen Amurka babu gwaggo ko aboki da zai shige wa mutum gaba.

Ross Jeffries ne ya sauya akalar abin a farkon shekarun 1990. Ya ɗebo daga NLP, wata koyarwa da Richard Bandler da John Grinder suka ƙirƙiro a Kalifoniya, wadda masana halayyar ɗan Adam ba su gamsu da hujjojinta ba. Ya ce akwai jerin kalmomin da in an furta su da wata irin murya, za su ratsa zuciyar mace ba tare da ta ankara ba. Daga nan aka daina tambayar mata, aka koma haddace musu magana.

Wanda ya yi wa haddar tsari shi ne Erik von Markovik, ɗan Kanada mai wasan rufa-ido, wanda aka fi sani da Mystery. Dogo ne, da ƙatuwar hular gashi da baƙin fenti a farce, wai don ido ya faɗa kansa tun daga ƙofa. Ya koya wa almajiransa kada su wuce daƙiƙa 3 kafin su tunkari mace, don kada tsoro ya riga su. In sun isa, su ce sauri suke yi, abokai na jira, sannan su jefa tambaya kamar neman shawara: tsakanin maza da mata wa ya fi ƙarya? Sai kuma mafi muni a ganina, yabo mai ƙaya a ciki: a ce farcenta ya yi kyau, a tambaya ko na kanti ne, don a rage mata ji da kai.

Ɗan jarida Neil Strauss ya shiga cikin almajiran Mystery, ya zauna da su a gida ɗaya a Hollywood, ya fitar da littafin The Game a kansu a 2005. Gidan talabijin na VH1 ya ba Mystery shiri a 2007. Shaharar ce ta karya maganin: 'yan mata a Los Anjeles suka fara jin tambaya ɗaya daga bakin maza barkatai, har suna ƙarasa musu ita.

Duk da haka kuɗi bai daina shigowa ba, domin abin da ake sayarwa tun asali tsoron saurayin ne. Masu horarwa suka ƙara zafafa abin don su bambanta da juna. A Nuwamban 2014 Ostireliya ta soke bizar ɗaya daga cikinsu, Julien Blanc, bayan an ga bidiyonsa yana cafkar mata a Tokyo, Birtaniya ma ta hana shi shiga. Shi kuwa Strauss, a 2015 ya fitar da The Truth, inda ya ba da labarin yadda ya kwanta a cibiyar jinyar masu jarabar mata.