Canjin lambobin tarho a Nijar da kayan aikin ofis

A shekarar 2006 lambobin tarho a Nijar sun tashi daga alƙaluma 6 zuwa 8. Dalili shi ne masu salula sun yawaita, tsofaffin lambobi sun kusa ƙarewa.

An ƙara alƙaluma biyu a farkon kowace lamba. Tarhon girke na kamfanin Sonitel ya samu 20. Saboda haka lambar Diffa mai farawa da 54 ta koma 20 54. Salular Celtel ta samu 96. Lambar ƙasa, wato 227, ba ta canja ba.

Wannan canji bai tilasta wa kowa sayen sabon tarho ba. Abin da ya buƙaci gyara shi ne lambobin da aka ajiye cikin tarho, da na'urar fakis, da kwamfutar da ke shiga intanet ta layin tarho. Haka nan hatimi, da takardun wasiƙa, da allon ƙofar ofis.

Darasin yana da amfani har yau. A gari kamar Shetimari, ma'aikacin gidan likita yakan kira Diffa neman motar ɗaukar maras lafiya. Tsohuwar lamba ba ta shiga. Don haka a riƙa gwada lambobin gaggawa, a rubuta su a bango.