Renon Shugaba a Daular Sakkwato: Misalin Buhari ɗan Shehu na Tambuwal

Tun daga wajejen 1980 manyan kamfanonin Amurka da Ingila suka shiga ɗaukar wani gwani su haɗa shi da shugaba guda, su riƙa ganawa a keɓe, yana yi masa tambayoyi, yana nuna masa inda ya gaza. Wannan gwani shi ake kira koci, kalmar da aka aro daga fagen wasanni, kuma a 1995 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta duniya. Galibi akan ɗauka baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa renon shugaba ya daɗe a nan, kuma tarihin Tambuwal ya isa shaida.

Tambuwal da maƙwabciyarta Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato ta yau. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne, domin Kabawa ba su daina tayar da ƙayar baya ba, ga kuma Gwandu kusa tana bukatar kariya. Saboda haka aka mai da Tambuwal ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, aka danƙa shi ga Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Riƙon irin wannan gari ya wuce jaruntaka kawai, sai an haɗa da sanin shari'a da iya zama da jama'a.

Buhari ya sami horonsa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kusanta. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, har ya zama malami mai tsara waƙe da Larabci. A gaban malami almajiri yakan ga yadda ake yanke hukunci da yadda ake haɗiye fushi, abin da littafi ba ya koyarwa. Ta biyu ita ce ɗora nauyi. Da Shehu ya raba al'amuran mulki a 1812, ya ba Abdullahi yamma, Muhammadu Bello gabas, Aliyu Jeɗo arewa, sa'an nan ya ba Buhari da Abdussalami rabo ta wajen kudu. Ke nan an saka Buhari cikin aiki tun manyansa suna raye, suna iya tsawata masa in ya kauce.

Akwai kuma hanya ta uku da daular ta bi da sarakunanta, watau nasiha a rubuce. Asalinta ya girmi jihadi, domin tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wasiƙa kan wajibcin da ke kan sarakuna. Abdullahi ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano bisa roƙon mutanenta. Bello kuwa ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya kuma yi wa Yakubun Bauchi tasa wasiyyar. Abin lura shi ne, kowace nasiha an yi ta ne domin wani shugaba sananne ko wata jama'a sananniya, gwargwadon matsalar da ke gabansu. Nan ne ta yi kama da aikin koci na zamani. Inda suka saɓa shi ne, koci ɗan haya ne, wanda ya ɗauke shi na iya sallamarsa, amma mai nasiha a daular malami ne ko uba, ba ya jin nauyin faɗin gaskiya.

Sai dai nasiha ba ta aiki sai ga mai karɓarta. Abdussalami ya ga rabonsa bai kai hidimarsa ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi tawaye daga Kware, Bello ya aika masa wasiƙu yana rarrashinsa, bai saurara ba, har aka kai ga yaƙi, ya rasu a 1818. Buhari ma ya gamu da tasa jarrabawar. Da Bello ya rasu a 1837, yana cikin waɗanda ake ganin sun cancanci gadonsa, amma aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar Atiku. Bai ɗaga takobi ba, kuma sarautar Tambuwal ta zauna a gidansa.

A yau Nijeriya tana da cibiyoyin horar da manya, kamar ta Kuru da aka kafa a 1979, inda ake tara ɗalibai aji guda. Abin da tarihin Tambuwal ya ƙara a kan wannan shi ne, shugaba yana bukatar mutum guda wanda ya san shi ciki da bai, wanda kuma ba ya tsoron ɓacin ransa. Ana gane amfanin irin wannan reno ne ranar da shugaba ya nemi abu ya rasa, kamar yadda aka gani ga Buhari a 1837.