Ƙullin zaren kamun kifi: wanne ya dace da wane zare?

Duk wanda ya taɓa zama da masunta a bakin Binuwai, a Lau ko Ibi, ko a Tella da ke gaɓar kogin Taraba, ya san ba kasafai zare ke tsinkewa a tsakiya ba. A wurin ƙulli yake yankewa, ko kuma ƙullin ya zame, giwan ruwa ya tafi da ƙugiya a baki. Kifin da ya kamata ya kai kasuwar Jalingo ya ciyar da gida, shi ke nan an yi asararsa. 'Yan uwanmu da ke jefa fatsa a Epe, Asaba ko Onitsha, matsalar iri ɗaya ce, domin ƙullin da ya riƙe wani zare ba lallai ya riƙe wani ba.

A da, da zaren auduga da igiyar rama ake aiki. Suna da kaushi, ko yaya aka ƙulla sai su cije. Da lailon ya shigo, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1930, sai labari ya canza. Zaren roba mai sili ɗaya, wannan mai kama da ruwa, santsi gare shi. Ƙulli irin na bakin buhu ba ya zama a jikinsa, in ma ya zauna yakan rage masa ƙarfi kusan rabi, saboda zaren kansa yake yanka.

Abin da ya dace da shi ƙullin naɗi ne. Ka zura bakin zaren ta idon ƙugiya, ka naɗe shi a jikin dogon zaren sau 5 zuwa 7, ka dawo da bakin ta 'yar ƙofar da ke daf da ido, sannan ka sake cusa shi ta zoben da ya samu. In zaren mai kauri ne, naɗi 4 ya isa, don fiye da haka ba zai kwanta ba. Kafin ka ja, jiƙa shi da ruwa ko yawu. Masu sabon hannu suna raina wannan, alhali jan busasshen lailon zafi yake haifarwa, ƙullin ya yi rauni tun bai shiga ruwa ba. A ja a hankali, ban da fizga.

Akwai kuma kitsattsen zare na zamani, siriri mai ƙarfin tsiya, wanda aka fi samu a shagunan Legas. Ya fi na roba santsi, ƙullin naɗi yakan zame a kansa. Shi sai wanda Turawa ke kira Palomar: a ninka zaren biyu kamar tsawon taki, a zura ninkin ta ido, a yi ƙulli ɗaya sako-sako, a wuce da ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin zoben ninkin, a jiƙa, a ja. Yana riƙe zaren roba ma, kuma ko da asuba cikin duhu ana iya ɗaure shi. A ganina, in mutum ƙulli ɗaya zai koya, to wannan ne.

Sai dai ba kowace ƙugiya ke da ido ba. Wadda kanta a baje yake, a ƙafarta ake ɗaurewa: a kwantar da zaren a jikinta, a yi zobe, a naɗe ƙafar da zaren tare sau 7 ko 8, a zura bakin ta zoben a matse. Dogon zaren ya fito ta ciki, ɓangaren da tsinin ƙugiya yake kallo, kada gefen kan ya riƙa gugarsa.

Mamari kuwa, uwar igiyarsa murɗaɗɗen zare ne, 'ya'yan ƙugiyoyi na rataye a jikinta. Abin tsoro a nan shi ne su sulale su taru wuri guda idan tarwaɗa ta ja. Don haka ake naɗa kowane ɗa sau 2 ko 3 a kan uwar kafin a kulle, a kuma ɗan ƙona bakin murɗaɗɗen da ashana don kada ya warware. Tsage shi babu ƙullin da ke maganin haƙoransa, sai an sa guntuwar waya gaban ƙugiya, ita kuma murɗa ta ake yi.

In kifi ya kuɓuce, duba bakin zaren. Ya lanƙwashe kamar kitson da aka tsefe? Ƙullin ne ya zame, naɗin bai isa ba ko ba a matse ba. In ya yanke ƙaf, to haƙori ne, ko dutse, ko zaren ya daɗe a rana ya bushe. Masu kamu a Legas da Warri su ƙara lura da idon ƙugiya, don ruwan gishiri yana sa shi tsatsa da wuri, tsatsar kuma ta riƙa cin ƙullin kamar zarto.