2.4 Kwatanci Tsakanin Layin Tarho na Lambobi da Kebul ɗin Ethernet

A wannan sashe za a kwatanta yawan bayanan da layin tarho na lambobi yake ɗauka da wanda kebul ɗin haɗa kwamfutoci yake ɗauka, sannan a duba inda kwatancin ya tsaya da kuma inda yake iya ɓatar da mai nazari.

Injiniyan Ingila Alec Reeves ne ya ƙirƙiro dabarar mayar da murya lambobi a shekarar 1937, amma kayan aikin zamaninsa ba su kai su ɗauke ta ba. Sai a shekarar 1962 kamfanin Bell na Amurka ya fara amfani da ita a tsarin da ake kira T1. Lissafin da aka bi shi ne kamar haka. Wayar tarho tana ɗaukar sautin da kaɗawarsa ba ta wuce 3,400 a sakan ba. Bisa ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist, dole a auna sauti fiye da ninki biyu na kaɗawarsa mafi yawa kafin a iya sake gina shi a ɗaya ɓangaren. Don haka aka tsayar da awo sau 8,000 a sakan, ana rubuta kowane awo da bit 8. Idan aka ninka, za a sami bit 64,000 a sakan, wato kilobit 64. Wannan shi ne kason magana ɗaya, kuma a kansa aka gina sauran tsarin. T1 ya haɗa magana 24 a kan megabit 1.544. Ƙasashen Turai kuwa sun zaɓi E1 mai megabit 2.048, wanda aka raba gida 32, 30 na magana, biyu na daidaita lokaci da isar da siginar kira. Tsarin Turai ɗin nan shi Nijeriya ta bi.

Ethernet ta taso ne daga wata buƙata dabam. A shekarar 1973 Robert Metcalfe ya tsara ta a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto domin haɗa kwamfutoci da na'urar buga takardu, da gudun megabit 2.94. Tun ranar haihuwarta ke nan ta zarce T1. Ta kai megabit 10 a 1980, megabit 100 a 1995, gigabit 1 a kan wayar jan ƙarfe a 1999, gigabit 10 a 2002, gigabit 100 a 2010, sannan gigabit 400 a 2017.

Idan aka raba waɗannan alƙaluma da kilobit 64, megabit 10 ya yi daidai da magana 156, gigabit 1 kuma magana 15,625, wato kimanin layin E1 guda 488. Gigabit 400 kuwa magana miliyan 6 da dubu 250 ne. Ashe ke nan ƙaramar kafar kebul da ke jikin kwamfutar ofis ta fi ƙarfin abin da manyan tashoshin tarho suke alfahari da shi a da.

Sai dai wannan rabo bai faɗi gaskiya duka ba, kuma nan ne ya kamata a tsaya. Kilobit 64 na tarho keɓaɓɓe ne. Da zarar an haɗa kira, gurbin mai magana yana zagayowa sau 8,000 a sakan, ko yana magana ko ya yi shiru, babu mai taɓa shi har ya aje waya. Idan gurabe sun cika, sabon kira ne ake hanawa, na ciki ba ya lalacewa. Ethernet kuwa ƙunshi-ƙunshi take aika bayanai, kowane ƙunshi da adireshinsa, kuma suna bin layi. A farkonta ma kwamfutoci kan kebul ɗaya suke tarayya, idan biyu suka aika tare sai saƙonninsu su yi karo, kowace ta dakata ta sake. Har bayan da aka magance karon, jinkiri da ɓacewar ƙunshi ba su gushe ba idan hanya ta cunkushe. Takarda za ta iya jira, amma murya in ta makara ta lalace.

Haka kuma adireshin kansa yana cin wuri. Idan aka ɗauki muryar nan ta kilobit 64 aka yanka ta ƙunshi 50 a sakan, kowane ƙunshi zai ɗauki bait 160 na murya da ƙarin bait 58 na adireshi da tantancewa. Jimilla ta zama kilobit 87.2. Da wannan lissafi gigabit 1 zai ɗauki magana kimanin 11,400 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na adadin farko ya tafi a marufi.

Duk da haka Ethernet ce ta rinjaya, domin yalwarta ta yi yawan da wannan asara ba ta dami kowa ba, kayanta kuma sun fi araha. Amma awon Bell bai mutu ba. Shi ne ya yi wa modem iyaka a kilobit 56 a shekarar 1998, tunda kiran yana ratsa gurbin kilobit 64. Ƙa'idar G.711 ta shekarar 1972, wadda ta tsayar da awo 8,000 da bit 8, ita ce wayoyin ofis masu yawa da ke aiki ta intanet suke ci gaba da amfani da ita a cikin ƙunshin Ethernet.